Filin Tambayoyin Masu Karatu: Makircin Iyago a Wasan Otelo

Da yawa daga cikin wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makwannin nan a kan wasan kwaikwayo guda suke magana, wato wasan Otelo na William Shakespeare, wanda a rubutun Turanci ake rubuta sunansa Othello. An tsara shi a wajajen 1603 zuwa 1604, akwai kuma shaidar cewa an nuna shi a fadar Sarki James na Ɗaya a Landan ranar 1 ga Nuwamba, 1604, amma ba a buga shi a littafi ba sai a 1622, shekara shida bayan mutuwar marubucin. Na haɗe tambayoyin da suka yi kama da juna, na zaɓi biyar.

Domin wanda bai karanta wasan ba, ga labarin a taƙaice. Otelo babban kwamandan sojan jamhuriyar Benis ne, birnin da a yau yake cikin Italiya, kuma baƙo ne a can, baƙar fata daga Afirka. Ya auri Dasdimona, 'yar wani ɗan majalisar dattawa mai suna Birabanshiyo, a ɓoye ba da sanin uban ba. A daren da asirin ya tonu, majalisa ta tura shi tsibirin Saifurus domin ya tare jiragen yaƙin Turkawa, matarsa kuma ta roƙi a bar ta ta bi shi. Guguwa ta tarwatsa jiragen abokan gaba tun kafin a gwabza, saboda haka yaƙin da ya rage na cikin gida ne. Iyago, mai riƙe wa Otelo tuta, ya ƙulla tuggun da ya sa aka tuɓe Kasiyo daga muƙamin mataimakin kwamanda, sannan ya cusa wa Otelo cewa Kasiyo yana neman matarsa. Otelo ya toshe wa Dasdimona numfashi a kan gadonta, gaskiya ta fito daga bakin Emiliya matar Iyago, Iyago ya soke Emiliya, Otelo kuma ya kashe kansa.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wannan wasa yana cikin littattafan da muke nazari a bana, kuma abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda mutum kamar Otelo, wanda ya ga jiya ya ga yau, zai gaskata maganar mutum ɗaya a kan matarsa cikin yini guda. A ganina ko dai shi wawa ne, ko kuwa marubucin ne ya yi gaggawa.
Daga wata ɗalibar adabi

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Game da gaggawa kina da hujja, domin idan aka bi sa'o'in wasan a hankali, daga saukarsu a Saifurus zuwa mutuwar Dasdimona bai cika kwana biyu ba, kuma ita da Kasiyo a jirage daban-daban suka zo, ta yadda babu ma sararin da laifin da ake zarginsu da shi zai auku. Batun wauta ne ban yarda da shi ba, domin idan Otelo wawa ne, to kowa a wasan wawa ne. Kasiyo ya amince da Iyago, Montano gwamnan tsibirin ya amince da shi, Dasdimona da kanta ta durƙusa a gabansa tana neman shawarar yadda za ta shawo kan mijinta, Emiliya kuwa da suke kwana ɗaki ɗaya ba ta gane shi ba sai da mai aukuwa ta auku. Kalmar da ke nufin gaskiya ko riƙon amana ta fito sama da sau hamsin a wasan, kuma sau da yawa Iyago ake yi wa laƙabi da ita. Wannan suna shi ne jarinsa, a fagen fama ya tara shi shekara da shekaru, kuma da shi ya yi cinikin duk abin da ya biyo baya.

Abin da nake so ki lura da shi shi ne ƙarancin ƙarya tsagwaronta a bakin Iyago a farkon aikinsa. Dubi yadda ya kayar da Kasiyo. Ya san giya kaɗan take juya masa kai, sai ya matsa masa da sunan murnar nasara da ta aure, a daren da yake bakin aikin gadi, sannan ya zuga Rodarigo, wani saurayi ɗan Benis mai son Dasdimona, ya tsokane shi, faɗa ya kaure, Kasiyo ya ji wa Montano rauni. Da Otelo ya fito ya nemi bayani, Iyago ya yi kamar ana ciro masa magana da ƙarfi, har ya ce gara a yanke masa harshe da ya faɗi abin da zai cutar da Kasiyo. Abin da ya faɗa bayan nan kusan duk haka ya faru, hannunsa a cikin lamarin kawai ya ɓoye. Otelo ya ɗauka Iyago yana sassauta laifin ne saboda ƙaunar abokinsa, sai ya ƙara wa laifin nauyi da kansa, ya tuɓe Kasiyo nan take. Shawarar da Iyago ya ba Kasiyo daga baya, cewa ya je ya kama ƙafa da Dasdimona ta roƙar masa mijinta, ita ma shawara ce da duk masoyi zai bayar, har Iyago ya juyo yana tambayar 'yan kallo wane ne zai kira shi mugu alhali shawararsa ta gari ce.

Inda gizo yake saƙar shi ne fitowa ta uku a kashi na uku, kuma ina ba ki shawara ki karanta ta a fili, ki riƙa tsayawa. Otelo da Iyago suna tahowa, sai Kasiyo, wanda kunya ta hana shi haɗa ido da ubangidansa, ya yi sallama da Dasdimona ya sulale. Iyago ya yi wata 'yar magana ƙasa-ƙasa, kamar da kansa yake, cewa wannan abu bai yi masa daɗi ba. Otelo ya tambaye shi me ya ce, ya ce ba komai. Otelo ya ce ba Kasiyo ne ya rabu da matarsa yanzu ba, Iyago ya ce anya kuwa, shi dai ba ya zaton Kasiyo zai saɗaɗa haka kamar mai laifi don kawai ya hango ubangidansa. Kalmar laifi ta shigo zancen ke nan, kuma ta shigo ne a cikin jimlar da a zahiri take wanke Kasiyo. Bayan Dasdimona ta gama roƙonta ta fita, Iyago ya tambaya ko Kasiyo ya san da soyayyarsu tun lokacin neman aure. Otelo ya ce ƙwarai, shi ne ma yake kai-da-kawo tsakaninsu. Iyago ya ce, ashe? Daga nan duk tambayar da Otelo ya yi masa sai ya mayar masa da ita: idan ya ce ba mai gaskiya ba ne Kasiyo, sai ya ce mai gaskiya, ranka ya daɗe? Idan ya ce me kake tunani, sai ya ce tunani, ranka ya daɗe? Har Otelo ya hasala ya ce mutumin nan yana maimaita masa magana kamar akwai wani dodo a ransa da yake tsoron fito da shi. Daga wannan gaɓa Otelo ne yake roƙo, Iyago yana noƙewa, kuma maganar da mutum ya sha wahala kafin ya tatso ta daga bakin wani ba ya yi mata binciken da zai yi wa wadda aka kawo masa har gida.

Da Iyago ya buɗe baki kuma, abubuwan da ya jera Otelo ba shi da yadda zai musa su. Ya ce shi ɗan gari ne, ya san halin matan Benis, alhali Otelo baƙo ne da ya tashi a sansanin yaƙi tun yana ɗan shekara bakwai. Ya ce Dasdimona ta yaudari mahaifinta ta aure shi, wannan kuwa haka yake, kuma uban da bakinsa ya gargaɗi Otelo a zauren majalisa cewa ya sa mata ido, wadda ta yaudari ubanta tana iya yaudarar mijinta. Iyago yana tsaye a wurin ya ji, ya adana. Sannan Otelo da kansa ya fara cewa ai ɗabi'a takan kauce wa hanyarta, Iyago ya cafke maganar tun kafin ta faɗi ƙasa, ya ce macen da ta ƙi manema na ƙasarta da launinta da matsayinta akwai abin dubawa a zaɓinta. Da aka bar Otelo shi kaɗai, sai ga shi yana lissafa wa kansa dalilan da za su sa a guje shi: baƙi ne, bai iya daɗin bakin 'yan birni ba, shekaru kuma sun ja. Babu ɗaya cikin ukun nan da Iyago ya ƙirƙira. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar da ke jikin Otelo mutanen Benis ne suka yi ta, su da suke girmama takobinsa, suna gayyatarsa gidajensu su ji labarin yaƙi, amma ba sa ƙaunar ya zama surukinsu.

Ƙarya ta ainihi sai daga baya ta zo, lokacin da Otelo ya dawo ya shaƙo Iyago ya ce lallai sai ya kawo masa hujjar da ido zai gani, in ba haka ba ya kuka da kansa. A nan Iyago ya ƙago labarin mafarki, wai ya kwana kusa da Kasiyo, ciwon haƙori ya hana shi barci, ya ji Kasiyo yana sambatu da sunan Dasdimona, ya kuma ƙara da cewa ya ga Kasiyo yana goge gemu da hankicinta. Da a ce da waɗannan ya fara tun da safe, da Otelo ya kore shi. Amma ya zuwa lokacin, mutumin da ya nemi gani da ido ya kai matsayin da zai karɓi mafarkin wani daga bakin wani a matsayin shaida. Suka durƙusa tare suka yi rantsuwa, Otelo ya ba da umarnin a kashe Kasiyo cikin kwana uku, ya kuma naɗa Iyago mataimakinsa.

Inda Otelo yake da laifin da ba za a ɗora wa kowa ba shi ne, bai taɓa kiran Kasiyo ya tambaye shi ba, da ya tambayi Emiliya ta rantse masa cewa uwar ɗakinta tsarkakakkiya ce sai ya yi watsi da shaidarta, ita kuma Dasdimona bai faɗa mata sunan wanda ake zarginta da shi ba sai a kan gadon mutuwarta. Ya ce shi da zarar ya yi shakka sau ɗaya to ya yanke hukunci ke nan. Hali ne da yake cin yaƙi a filin daga, kuma Iyago, wanda ya yi yaƙi a ƙarƙashinsa, ya san da shi sarai.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ɗalibaina kullum sai sun tambaye ni dalilin da ya sa Iyago ya aikata wannan ta'asa, ni kuma nakan ce musu saboda an hana shi muƙami ne. Sai dai ni kaina amsar ba ta gamsar da ni ba. Mene ne ainihin dalilinsa?
Daga wani malamin makarantar sakandare

Amsa: Malam, wannan tambaya ta girme ni ta girme ka, kuma Iyago da kansa ne ya jawo ta, domin dalilan da ya bayar sun yi yawa. Da farko ya faɗa wa Rodarigo cewa muƙami ne: manyan gari uku sun je sun roƙa masa kujerar mataimaki, Otelo ya ƙi, ya ba Kasiyo mutumin Fulorans, wani birni daban a Italiya, wanda a cewar Iyago lissafi kawai ya iya, bai taɓa jera mayaƙa a filin daga ba, alhali shi ya yi yaƙi a gaban idon Otelo a Rodas da Saifurus. Dalili ne mai kama hankali, sai dai a tuna wa aka faɗa wa shi, wato wani sakaran saurayi mai son Dasdimona wanda Iyago yake tatsar kuɗinsa da duwatsunsa masu daraja da sunan zai kai mata. Daga baya, yana shi kaɗai, ya ce ana raɗe-raɗin Otelo ya nemi matarsa Emiliya, ya kuma ƙara da cewa bai san ko gaskiya ne ba amma zai ɗauki zato a matsayin tabbas. Can gaba ya ce yana zargin Kasiyo ma da haka, ya ce shi ma yana son Dasdimona, maganar da bai sake waiwayarta ba. A kashi na biyar kuma ya ce akwai wani kyawun hali a rayuwar Kasiyo ta yau da kullum da yake sa shi ganin muninsa. Ka kuma lura cewa muƙamin da ya ce yana nema an ba shi tun a tsakiyar wasan, amma bai tsaya ba.

Wannan ne ya sa mawaƙi kuma manazarcin Ingila Samuel Taylor Coleridge, a farkon ƙarni na 19, ya bayyana lamarin da cewa mugunta ce marar dalili take farautar dalili. Akwai abin da yake ƙarfafa ra'ayinsa. Shakespeare ya ɗauko labarin ne daga wani tarin hikayoyi da Ba'italiye Giraldi Cinthio ya buga a 1565, kuma a can dalilin mai riƙe tutar a bayyane yake: ya kamu da son matar, ba ta kula shi ba, ya ɗauka wani take so, sai so ya rikiɗe ya zama ƙiyayya. Shakespeare ya ga wannan dalili guda ɗaya mai sauƙin fahimta, ya ajiye shi gefe, ya maye gurbinsa da tarin dalilan da babu wanda ya isa shi kaɗai. Haka kuma a tsofaffin wasannin wa'azi na Ingila akwai wani ɗan wasa da yake wakiltar mugunta ita kanta, mai barkwanci, mai raɗa wa 'yan kallo shirinsa kafin ya aiwatar, kuma Iyago ya gaji da yawa daga halayensa. Giɓin ya dami mutane har ta kai a wasan waƙa na Otelo da Ba'italiye Giuseppe Verdi ya tsara, wanda aka fara nunawa a Milan a 1887, an ƙara wa Iyago wata waƙa da yake bayyana aƙidarsa ta mugunta, abin da babu shi a asalin wasan.

Ni dai ban tafi tare da Coleridge har ƙarshe ba. A ganina dalilan Iyago na gaske ne a wurinsa, sai dai dukkansu rassa ne na abu guda, wato raini. Mutum ne da yake ganin ya fi kowa wayo, yana kallon mai amana a matsayin jakin da za a ja da hanci, kamar yadda ya siffanta Otelo, amma duniya ta ajiye shi a ƙarƙashin waɗanda yake rainawa. Juya su yadda yake so shi ne hujjarsa cewa ya fi su, shi ya sa yake kiran aikin wasa da riba, yake cewa daɗi da aiki suna gajarta lokaci. Abu na biyu da ya kamata ɗalibanka su gani shi ne, bai shiga da cikakken shiri ba, shi da kansa ya ce dabarar tana kansa amma a cukurkuɗe take. Tun daga lokacin da Otelo ya shaƙo shi, ransa ya rataya a kan ƙaryarsa. Idan Rodarigo ya rayu zai nemi a mayar masa da dukiyarsa, idan Kasiyo ya rayu wata rana Otelo zai faɗa masa abin da aka ce ya yi, Iyago kuma ya lissafa waɗannan biyun da bakinsa kafin ya tura ɗaya ya kashe ɗayan a cikin duhu, ya sari Kasiyo a ƙafa ta baya, ya ƙarasa Rodarigo da hannunsa. Abin da ya faro da hassada ya ƙare da neman tsira.

Tambaya: Malam, ni abin da ya ba ni haushi shi ne hankicin nan. A ce rai ya salwanta saboda ɗan ƙyalle? Kuma ita Emiliya da ta san inda yake, me ya hana ta magana tun da wuri?
Daga wata uwargida mai bibiyar wannan fili

Amsa: Malama, kina da abokin ra'ayi tun 1693, wani manazarci mai suna Thomas Rymer, wanda ya yi wa wasan ba'a cewa kamata ya yi a kira shi wasan hankici, kuma ɗaya daga cikin darussansa shi ne mata su riƙa kula da ƙyallayensu. Amma Iyago ya riga shi amsawa a cikin wasan, inda ya ce abin da bai kai nauyin iska ba, a wurin mai kishi daidai yake da nassin littafi mai tsarki. Hankicin shi ne kyautar farko da Otelo ya ba matarsa, an yi masa ado da surar wasu jajayen 'ya'yan itace, kuma Otelo ya ce wata matsafiya 'yar Masar ce ta ba mahaifiyarsa, da sharaɗin muddin yana hannunta mijinta zai so ta, ranar da ta yar ko ta bayar kuwa zai juya mata baya. Abin tausayin shi ne yadda ya faɗi. Otelo ya ce kansa yana ciwo, Dasdimona ta ciro shi za ta ɗaure masa, shi da kansa ya ture ya ce ya yi ƙanƙanta, ya faɗi ƙasa babu wanda ya lura a cikinsu. Emiliya ta tsinta ta ba mijinta, domin ya sha roƙonta ta sato masa shi. Iyago ya jefa shi a masaukin Kasiyo, Kasiyo ya ba farkarsa Biyanka ta kwafi adon.

Sa'a ta taimaki Iyago, amma shi ma gwanin amfani da sa'a ne. Bayan Otelo ya farfaɗo daga faɗuwar da ya yi kamar mai farfaɗiya, Iyago ya laɓe da shi a gefe inda zai gani amma ba zai ji sosai ba, ya ja Kasiyo da hira a kan Biyanka, Kasiyo yana ta ƙyaƙyata dariya, Otelo yana fassara kowace dariya a kan matarsa. Ana cikin haka sai ga Biyanka ta shigo a fusace ta jefa wa Kasiyo hankicin, tana cewa kyautar wata ce. Wannan shigowa ba ta cikin shirin Iyago, amma ita ce ta zama hujjar ido da aka nema.

Batun Emiliya kuwa, ba zan wanke ta ba. Tana tsaye Dasdimona ta tambaya ina hankicin ya shiga, ta ce ba ta sani ba, tana kuma tsaye Otelo ya yi ta nanata a kawo shi. Sai dai ba ta haɗa ɓatan ƙyallen da zargin zina ba, domin ba ta san an mayar da shi shaida ba. Akwai wurin da nake ganin ya fi ko'ina tayar da tsikar jiki: bayan Otelo ya ci mutuncin matarsa, Emiliya ta ce ta tabbata wani algungumi ne, mai neman muƙami, ya ƙulla wannan ƙazafi, ta yi ta tsine masa, mijinta yana tsaye a gabanta yana cewa haba, babu irin wannan mutum, ba zai yiwu ba. Ta siffanta shi ciki da waje, amma ba ta gane shi ba. A hikayar Cinthio mugun da kansa ya sace hankicin, ya miƙa wa matar 'yarsa ƙarama ta ɗauka, ya zare shi daga ɗamararta. Shakespeare ya sauya wannan ya sa shi a hannun Emiliya, kuma da haka ya bar mutum ɗaya tak a duniya da zai iya warware ƙullin. Da Otelo ya ambaci hankicin a gaban gawar, nan take ta gane, mijinta ya umarce ta ta yi shiru ta tafi gida, ta ƙi, ta faɗi gaskiya, ya soke ta.

Tambaya: Shin labarin nan ya faru da gaske?
Daga wani mai karatu

Amsa: A'a, ɗan'uwa, ƙagaggen labari ne, amma an ɗora shi a kan tarihi na gaske. Benis ta mallaki Saifurus daga 1489, Daular Usmaniyya ta Turkawa ta kai wa tsibirin hari a 1570, ta kammala ƙwace shi a 1571 bayan faɗuwar birnin Famagusta, saboda haka 'yan kallon farko a Landan sun san cewa tsibirin da guguwa ta cece shi a wasan ya riga ya suɓuce a zahiri. Kalmar Mur da ake kiran Otelo da ita, Turawan lokacin suna amfani da ita ga mutanen Arewacin Afirka, wani lokaci kuma ga baƙar fata baki ɗaya, kuma a 1600 jakadan Sarkin Maroko ya zauna watanni a Landan, mutanen gari suna ganinsa da tawagarsa. Wanda ya fara fitowa a matsayin Otelo Bature ne, Richard Burbage, babban ɗan wasan ƙungiyar Shakespeare.

Tambaya: Malam, na kalli wasan har ƙarshe ina jiran in ga an kashe Iyago, sai aka tashi yana raye. Wannan ba rashin adalci ba ne daga marubucin?
Daga wani matashi mai sha'awar wasan kwaikwayo

Amsa: Ɗan'uwa, haushin da ka ji marubucin ne ya shirya maka shi. Iyago ya fi Otelo yawan magana a wasan, kuma kaso mai tsoka na maganarsa da mu 'yan kallo yake yi, yana faɗa mana abin da zai aikata kafin ya aikata, wani lokaci har ya ba mu dariya. Tun daga kashi na farko mun san abin da babu wanda ya sani a kan dandamali, muna zaune muna kallo ba mu da ikon gargaɗin kowa, saboda haka idan an zo ƙarshe mun fi kowa jin cewa muna bin sa bashin bayani.

Ga abin da ya faru a fitowa ta ƙarshe. Da aka kamo shi aka dawo da shi, Otelo ya dubi ƙafafunsa yana neman kofaton da almara ta ce shaiɗan yana da shi, bai ga komai ba sai ƙafar mutum. Ya ce idan kai shaiɗan ne ba zan iya kashe ka ba, ya soke shi, Iyago ya ce ya zubar da jini amma bai mutu ba. Otelo ya ce bai yi baƙin cikin haka ba, domin a wurinsa mutuwa hutu ce. Sannan ya roƙi a tambayar masa wannan rabin shaiɗan dalilin da ya sa ya ɗaure masa rai da jiki. Iyago ya ce kada a tambaye shi komai, abin da suka sani sun sani, daga yanzu ba zai sake furta kalma ba, kuma bai sake ba. Sauran bayanin makircin daga wasiƙun da aka samu a aljihun gawar Rodarigo aka tsinto shi, da kuma bakin Kasiyo.

Hukunci kuwa an yanke masa, ba a dai nuna mana ba. A hikayar Cinthio an bi mugun har inda ya mutu sakamakon azabtarwa a kan wani laifi daban. A wasan, Lodobiko, manzon da majalisar Benis ta aiko, ya sa Iyago ya dubi gadon da gawarwaki suke kai ya ce wannan aikinka ne, ya ba da umarnin a rufe gadon domin kallonsa yana cutar da ido, sannan ya danƙa Iyago a hannun Kasiyo, wanda ya zama sabon gwamnan tsibirin, ya ce shi zai zaɓi lokaci da wuri da irin azabar da za a gana masa. Shi kuma Lodobiko ya nufi jirgi domin ya kai wa majalisa labari.